Yadda ake auna ƙarfin tsofaffin na'urorin wasan ces

Ces wasa ne na mutum biyu, a kan allo mai gida 64, wanda wasu ke kira darar Turawa. A shekarar 1977 kamfanin Fidelity na Amurka ya fitar da Chess Challenger, na'urar da ba ta da wani aiki sai buga ces da mai ita. Ta farkon ba ta da ƙarfi, har ma an juya lambobi da haruffan gidajen allonta bisa kuskure. Daga baya Mephisto ta Jamus da Novag suka shigo kasuwa, kowane kamfani yana cewa tasa ta fi. To, yaya za a gane gaskiya?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne na Arpad Elo, wanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓa a 1970. Lambar Elo ba kamar kilo ko mita ba ce. Ba ta faɗin ƙarfin ɗan wasa shi kaɗai, sai dai tazarar da ke tsakaninsa da abokan karawarsa. A ces, nasara maki ɗaya ce, kunnen doki rabin maki. Wanda ya fi abokinsa da lamba 200 ana sa ran ya kwashe wajen kashi 76 cikin ɗari na makin wasanninsu. Saboda haka lambar da aka rubuta a kwalin na'ura ba ta da ma'ana in ba a san da wa ta kara ba, a wasa nawa, kuma minti nawa aka ba ta ta yi tunani. Masu sayarwa kuwa, kamar kowane ɗan kasuwa, sukan ɗauki lambar da ta fi tsoka.

Wannan ne ya sa ƙungiyar SSDF ta ƙasar Suwidin ta soma fitar da jerinta a 1984. A lokacin, ƴan ƙungiyar kan haɗa na'ura da na'ura, a ba kowace awa biyu ta yi motsi 40, kamar a gasar mutane, a kuma maimaita sau ɗaruruwa. Yawan wasannin yana da muhimmanci, domin a wasa goma sa'a kaɗai na iya ɗaga mai rauni sama. Duk da haka jerin yana da nasa aibi: na'urori da junansu suke karawa, ba da mutane ba. A shekarar 2000 ƙungiyar ta rage lamba 100 daga kowace na'ura don jerin ya dace da ƙarfin ƴan Adam.

Akwai hanya mai sauri, wato gwajin matsayi. Gwajin Bratko da Kopec na 1982 yana da matsayi 24. A jera wa na'ura kowanne, a duba ko za ta gano motsin da ya fi. Amma gano motsi guda daban, riƙe wasa tun daga farko har ƙarshe daban. Tsofaffin na'urorin suna da kaifin ido wajen tarko na kusa, suna kuma buɗe wasa da kyau saboda an zuba musu motsin farko a ƙwaƙwalwa. Idan allo ya yi fili, saura sarki da ƴan sojoji, sai rauninsu ya fito, don ba sa hangen abin da ya wuce ƴan motsi kaɗan. Mutumin da ya san haka yakan rufe wasan, ya yi musayar ƴaƴa, ya ja na'urar zuwa can, ko da lambarta ta fi tasa a takarda.