Yinin Rukunin Jiragen Yaƙi da Horon Matuƙansa

Gabatarwa

Mazauna Kano da Makurɗi da Kainji sun saba da jin rugugin jiragen yaƙi da hantsi. Mutum ya kan ɗaga kai ya hangi guda biyu sun gitta kamar walƙiya, kafin ya nuna wa na kusa da shi sun ɓace. Da yawa daga cikin masu kallo su kan ɗauka shawagi ne kawai, ko kuwa ɓarnar mai, tun da ba yaƙi a ke yi a wurin ba. Alhali kuwa wannan tashi na awa guda shi ne ɗan abin da ido ke gani daga cikin aikin yini sukutum, wanda mutane masu yawa su ka fara tun kafin asuba, ba kuwa za su gama ba sai bayan almuru. Manufar wannan lacca ita ce a bi wannan yini daki-daki, domin a gane dalilin da ya sa ƙasa ta ke iya sayen jirgin yaƙi da kuɗi, amma rukunin da zai yi yaƙi da shi sai an gina shi yau da gobe.

Rukuni da hanyar shigarsa

A tsarin mayaƙan sama, rukuni, wanda sojoji ke kira sikwadiron, shi ne ƙungiyar da ke riƙe da jirage iri ɗaya, galibi tsakanin 12 da 24, ƙarƙashin kwamanda guda. Matuƙa su ne 'yan tsiraru a cikinsa. Mafi yawa makanikai ne, waɗansu na inji, waɗansu na lantarki, waɗansu na makamai, waɗansu kuma na laima da kujerar tsira. Bayansu kuma ga ma'aikatan sansani, watau masu hasashen yanayi, da masu hasumiyar ba da izinin tashi da sauka, da 'yan kwana-kwana, da likitan matuƙa.

Nijeriya ta kafa rundunar mayaƙan samanta bisa doka cikin 1964, da taimakon malamai daga Jamus ta Yamma. Jiragen jet na farko sun iso cikin 1967, lokacin yaƙin basasa, watau MiG-17 daga Tarayyar Sobiyet da L-29 daga Cekoslobakiya. Daga nan sai MiG-21 cikin 1975, da Alpha Jet a farkon shekarun 1980, da Jaguar cikin 1984, da F-7 ƙirar ƙasar Sin cikin 2010, da JF-17 daga Pakistan cikin 2021. Kowane sabon jirgi ya kan zo da nasa hali, dole a koye shi tun daga tushe.

Saurayin da zai zama matuƙin yaƙi ya kan fara ne a Kaduna da ƙaramin jirgi mai farfela. In ya ci jarrabawa sai ya wuce Kano, inda zai koyi tuƙa jet a kan L-39, malami na zaune a kujerar baya. Sa'an nan ya koyi harbi da dabarun faɗa. Duk da haka ranar da ya shiga rukuni ɗan koyo ne. Jirgin yaƙi ba safai ya ke fita shi kaɗai ba. A kan fita bibbiyu ne ko hurhuɗu, akwai madugu, akwai mai take masa baya. Sabon matuƙi zai daɗe yana take baya kafin a yarda ya ja jirgi biyu, ya kuma ƙara daɗewa kafin a ba shi huɗu.

Kafin gari ya waye

Yinin rukuni yana farawa ne daga hannun makanikai. Kowane jirgi yana da babban makanike da ke da alhakinsa, da kuma littafin da a ke rubuta duk abin da ya same shi. Za a duba taya da birki, a auna mai, a haska cikin bakin inji, a gwada iskar oksijin da kujerar tsira, kana wanda ya duba ya sa hannu. Wannan sa hannu amana ce, domin a kansa wani zai ɗora ransa.

Har ila yau akwai wata al'ada da baƙo zai yi mamakinta. Sojoji su kan jeru kafaɗa da kafaɗa, manya da ƙanana, su taka filin ajiye jirage a hankali suna tsince tsakuwa da ƙusa da guntun waya. Dalili shi ne injin jet yana zuƙar iska da ƙarfin gaske, kuma ƙusa guda in ta shiga ta kan farfasa fukafukan cikinsa. Saboda haka ne ma a ke ƙirga kayan aikin makanike kafin gyara da bayan gyara. In sifana ɗaya ta ɓata, jirgin ba zai tashi ba sai an gan ta.

Shi ma matuƙi akwai dokar da ke kansa tun daren jiya. Lalle ne ya sami isasshen barci, kada kuma ya sha wani magani ba da sanin likita ba. Mura kanta ta kan hana tashi, domin toshewar kunne a sama ciwo ne mai tsanani.

Zaman shiri

Da sassafe matuƙa su kan taru a ji bayanin yanayi. A arewacin Nijeriya wannan ba ƙaramin batu ba ne. Da hunturu hazo ya kan rufe gari har a kasa hangen ƙarshen titin jirgi. Da damina hadari ya kan taso cikin ɗan lokaci, ba kuwa mai hankalin da zai kutsa cikinsa. Da bazara zafi ya kan sa iska ta yi sako-sako, ƙarfin inji ya ragu, jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Ga kuma ungulu da shirwa, waɗanda karo da ɗayansu ya isa ya fasa gilashi ko ya kashe inji.

Bayan wannan sai kowane madugu ya keɓe da mutanensa, wajen awa guda ko fiye. Zai faɗi manufar fitar, da hanyar da za a bi, da tsawon da za a hau, da yawan man da in aka kai gare shi dole kowa ya juyo gida, da filin da za a sauka in na gida ya rufe, da abin da za a yi in rediyo ta mutu ko wani ya ɓace wa 'yan'uwansa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A nan lissafi ne ya tilasta hakan. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa yana cin kilomita 15 a minti, watau daga Kano zuwa Zariya bai kai minti 10 ba. In jirage biyu su ka fuskanci juna da irin wannan gudu, tazararsu tana raguwa da rabin kilomita kowace daƙiƙa. Babu sararin shawara a sama. Abin da ba a yanke a ƙasa ba ya wuce.

Cikin sama

Fita ɗaya ta horo ba ta cika wuce awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi ba, kuma kowace da darasinta. Akwai ta tafiya a jere, fiffike kusa da fiffike. Akwai ta bin hanya ƙasa-ƙasa da taswira da agogo. Akwai ta tuƙi da na'urori kaɗai, domin cikin gajimare ko duhu jikin mutum ya kan yi masa ƙarya, ya ji kamar a miƙe ya ke alhali ya karkata. Akwai ta harbi da jefa bom a filin gwaji, da ta faɗan jirgi da jirgi, da ta dare.

Babban abokin gaban matuƙi a faɗan jirgi da jirgi shi ne nauyin da juyi ke ɗora masa, wanda a ke aunawa da harafin G. In jirgi ya yi kwana mai tsanani har ya kai G 7, mutum mai nauyin kilo 70 ya kan ji kamar kilo 490 ne a kan kujera. Jini ya kan gudu daga kai ya gangara ƙafafu. Da fari gani ya dushe, sa'an nan ya ƙuntata kamar mai leƙe ta kafar gora, sa'an nan duhu, daga nan sai suma. Wanda bai sami horo ba ya kan fara rasa gani tun wajen G 4 ko 5. Maganin abin biyu ne. Akwai wando na musamman da iska ke kumbura shi ya matse ciki da cinya da sha-raɓa, akwai kuma dabarar ɗaure tsoka da numfashi gajere-gajere. Dabarar nan a kan koye ta a ƙasa cikin wata na'ura mai wulwula mutum kamar majajjawa, amma ba ta zama jiki sai da yawan yi.

Abin da ba za a iya gwadawa a sama ba, kamar gobarar inji, a kan gwada shi cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Haka kuma a kan maimaita yadda za a fice da kujerar tsira, da yadda mutum zai rayu a daji bayan ya sauka. Cikin Yuli 2021 'yan bindiga su ka harbo wani Alpha Jet a yankin Zamfara. Matuƙin ya fice da kujerarsa, ya kauce wa masu nemansa cikin dare har ya isa hannun sojoji. Horon kansa kuwa ba ya rasa hatsari. Cikin Satumba 2018 jirage biyu ƙirar F-7 su ka gogi juna a Abuja wajen gwajin bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu.

Zaman bita

Da an sauka, matuƙi zai rubuta duk wata matsalar da ya gani a jirgi, makanikai su karɓa su shirya shi domin fita ta biyu. Su kuwa matuƙa sai su koma ɗaki su rufe ƙofa. Masana wannan aiki sun haɗu a kan cewa a nan ne a ke koyon mafi yawan darasi, kuma sau da yawa zaman ya kan fi tashin kansa tsawo. Za a kunna hoton da na'urar jirgi ta ɗauka da muryoyin rediyo, a bi fitar minti-minti. Wanda ya ce ya sami abokin karawarsa, hoto zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi, gani kuwa ya kori ji.

Ƙa'idar ɗakin ita ce a ajiye muƙami a bakin ƙofa. Madugu shi ke fara faɗin kurakuransa, ko da shi ne kwamanda, domin ƙarami ya sami ƙarfin halin faɗin nasa. Wannan abu ne mai wuya ga soja, wanda a ka tarbiyyantar da shi kan biyayya, ya kuma fi wuya a al'ummar da yaro ba ya gyara wa babba magana. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuskuren da a ka rufe saboda kunya ko girmamawa yana nan yana jiran wata rana, ranar kuwa ba lalle ne a sami wanda zai dawo ya ba da labari ba.

Dalilin maimaitawa kullum

Gwanintar tuƙin yaƙi aba ce mai dushewa. Matuƙin da ya yi makonni bai tashi ba, doka ta kan sa ya sake fita tare da malami kafin a sake shi. Ma'aunin da ƙungiyar NATO ta daɗe tana ambata shi ne awa 180 a shekara ga kowane matuƙi, watau awa 15 a wata.

Amurka ta koyi wannan darasi da tsada a yaƙin Biyetnam, inda jiragenta masu tsada su ka sha wuya a hannun ƙananan jiragen MiG. Bincike ya nuna cewa ƙarancin horon faɗan jirgi da jirgi yana cikin manyan dalilai. Saboda haka sojan ruwanta su ka buɗe makarantar da a ke yi wa laƙabi da Topgun cikin 1969, mayaƙan samanta kuma su ka fara atisayen Red Flag a hamadar Nebada cikin 1975. Tushen atisayen shi ne an lura cewa fita 10 na farko a fagen fama su ne mafi hatsari ga sabon matuƙi, don haka a ka ga gara ya yi su a gida, inda kuskure zai ƙare a ɗakin bita.

Nijeriya ma tana da nata darasin. Jiragen Jaguar da a ka kawo cikin 1984 ba su cika shekara 10 suna tashi ba a ka ajiye su, saboda tsadar riƙonsu. In jirgi ya zauna, matuƙinsa ma ya zauna, makanike ya manta hannu, malamin da zai koyar da na baya ya yi ritaya. Kayan gyara a kan same su cikin watanni in kuɗi ya samu, amma madugun jirgi huɗu sai an yi shekaru ana renonsa.

Saboda haka wanda ke son sanin ƙarfin mayaƙan saman wata ƙasa, ƙidayar jiragen da ke jere ranar fareti ba za ta ishe shi ba. Sai ya tambayi nawa ne daga cikinsu za su iya tashi gobe da safe, awa nawa kowane matuƙi ya samu bara, ko kuma laftana yana iya gyara wa kwamandansa kuskure a ɗakin bita ya kwana lafiya. Kuɗin mai da kayan gyara da horo su ne a ke fara yankewa in tattalin arziki ya matse, domin ba a ganin illar yanke su nan take. Illar ta kan bayyana ne ranar da sojan ƙasa ya kira neman agaji daga sama.