A Sloveniya, Gishiri Mace Ce

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Na san da yawanku sun zo ne su ji ci gaban maganar neman gurbin karatu a waje da muka faro. Tana nan tafe. Amma wani saƙo ne ya shigo mini daga wata 'yar'uwa mai bibiyar shirin nan, ya ƙi barin raina, na ce bari in ba shi rana guda. Tana digiri na biyu a Ljubljana, babban birnin Sloveniya (ana kiran sunan kamar Lubliyana). Darasinta da Turanci ake yi, to amma ɗakin cin abinci ba ruwansa da Turanci. Tana da hawan jini, likita ya ce ta yi nesa da gishiri. Ta duba waya, waya ta ce mata gishiri shi ne sol, "ba tare da" kuma brez. Ta haɗa su ta ce wa mai zuba abinci "brez sol". Matar ta gane, ta yi murmushi ta ce mata "brez soli". Shi ne ta rubuto tana tambaya: wayar ce ta yi mata ƙarya, ko kuwa kalmar gishiri biyu ce a yaren?

Wayar ba ta yi ƙarya ba. Rabin gaskiya ta faɗa. Na yi mako guda ina tona wannan kalma mai harafi uku, kuma wallahi abin da na tarar ya sa na ƙara ganin darajar Hausar da muke yi da Larabcin da aka dinga dukanmu a kansa a Islamiyya.

Mu fara da ƙasar a gurguje, don na san wani zai ce Slovakiya nake nufi. A'a, daban suke. Sloveniya tana tsakanin Italiya, Ostiriya, Hungari da Kuroshiya. Ta ɓalle daga Yugoslabiya a 1991, ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 2, wato birnin Kano kaɗai ya fi su yawa. Yarensu ɗan gidan su Rashanci da Polanci ne.

To, sol. Abu na farko shi ne furuci. Ana rubuta l a ƙarshe, amma ba a faɗinsa l. Ya fi kusa da "sou", kamar ka ce "so" sannan ka zagaye leɓe a ƙarshe. Da zarar wasali ya biyo baya, l ɗin yana dawowa sarai: so-li. Harafin j kuwa a wurinsu y ne, ku riƙe wannan, za mu buƙace shi anjima.

Abu na biyu, jinsi. A nan ne Bahaushe ya fi Bature sa'a. Ɗan Ingila da ya zo koyon wannan yare sai an zauna an yi ta lallashinsa kafin ya yarda cewa tebur ko gishiri suna da jinsi. Mu kuwa da shi muka tashi. Yaro ɗan shekara huɗu ya san "miyar ta yi daɗi", "tuwon ya yi daɗi", ba wanda ya koya masa a allo. Kuma abin mamaki, ƙa'idarmu da tasu sun yi kama: a Hausa yawancin sunayen da suka ƙare da -a mata ne, a Slobeniyanci ma haka. Miza, tebur, mace ce. Voda, ruwa, mace ce. Wanda ya ƙare da baƙi kuma yawanci namiji ne, kamar kruh, burodi, da sladkor, sukari. Su suna da jinsi na uku, ɗan tsaka-tsaki, irin su mleko, madara.

Idan ka bi wannan ƙa'ida, sol namiji ne, tunda da baƙi ya ƙare. Ga shi a Hausa ma gishiri namiji ne. Sai ka faɗa rami. Sol mace ce. Shi ya sa suke cewa morska sol, gishirin teku, da sifar mace. "Sol je bela", gishiri fara ce, amma "sladkor je bel", sukari fari ne.

Kafin ka ce yaren bai da kai, tuna da naka. Ruwa da -a ya ƙare, amma ba ka taɓa cewa "ruwar ta ƙare" ba, in dai Hausar Kano kake yi. Gida, nama, suna, duk maza ne masu kama da mata. To su ma suna da wani rukuni na mata masu kama da maza, kuma kalmomin yau da kullum ne: noč, dare, stvar, abu, kost, ƙashi, vas, ƙauye, pomoč, taimako. Duk tafiyarsu ɗaya da sol. In ka kama sol da kyau, ka kama su gaba ɗaya.

Yanzu ga asalin tambayar 'yar'uwarmu. Me ya mayar da sol ya zama soli?

Waɗanda suka yi nahawun Larabci, ku tuna i'irabi: rafa'u, nasabu, jarru. Kitabun, kitaban, kitabin. Kalma ɗaya ce, wutsiyarta ce ke sauyawa gwargwadon aikin da take yi a jimla. Larabci guda uku gare shi. Slobeniyanci shida. Kar ka firgita, don a kan sol siffofi uku kacal za ka gani a tilo.

In gishirin ne ake ba da labarinsa, sol ne: "Sol je na mizi", gishiri yana kan tebur. In shi aikin ya faɗa wa, nan ma sol ne: "Podaj mi sol, prosim", miƙo mini gishiri don Allah.

Bayan brez, dole soli. Haka bayan kalmomin yawa da ƙaranci: malo soli, gishiri kaɗan, preveč soli, gishiri ya yi yawa, manj soli, a rage gishiri, ščepec soli, ɗan abin da yatsu za su ɗauka. Wannan matsayi suna kiransa rodilnik, shi ne na mallaka da dangantaka, ɗan'uwan -n da -r ɗin da muke liƙawa a "buhun gishiri" da "miyar kuka". Bambancin shi ne mu kalmar farko muke taɓawa, buhu ya zama buhun, su kuma ta biyu suke taɓawa.

Akwai wani wuri da rodilnik ke shigowa wanda ya ba ni mamaki sosai, wato korewa. "Imam sol", ina da gishiri. Amma "nimam soli", ba ni da gishiri. "Ni soli", babu gishiri. Kun ga, da ka kore abu, sunansa ma sai ya sauya riga. Wannan ba a kan gishiri kaɗai ba ne, doka ce ta yaren baki ɗaya: "imam vodo", "nimam vode". Wanda bai san da ita ba zai yi shekara yana kuskure a duk jimlar da ya ce "ba ni da".

Bayan v, na, o, pri in ana maganar wuri ko batun abu, nan ma soli ne: o soli, game da gishiri; v soli, a cikin gishiri. A rubuce iri ɗaya ne da na ɗazu, amma a baki nauyin murya yana sauya wuri. A brez soli nauyin yana kan li, a v soli yana kan so. Wannan ma ba baƙonmu ba ne. Kukan yaro da kukar miya harafi ɗaya muke rubuta su, kuka, kunne ne ke rabawa.

Siffa ta uku ita ce ta "tare da": s soljo, a karanta "s solyo". Kruh s soljo, burodi da gishiri. Kuma 'yan rukuninsa duk haka suke yi: s stvarjo, s kostjo.

To ke 'yar'uwa, ga abin da za ki riƙe: "Brez soli, prosim", ban da gishiri don Allah. "Manj soli, prosim", a rage gishiri. In kuma an riga an zuba ya yi yawa, "preslano je", ya cika gishiri. Kalmar ta fito ne daga slan, mai gishiri, wanda shi ma ke bin jinsi: slan, slana, slano. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da dunƙulen ɗanɗano. Mu nan gida ma wannan ya shafe mu, ba sai mun je Turai ba.

Saura abu ɗaya a nahawun, kuma shi ne abin da 'yan ƙasar ke alfahari da shi. Ban da tilo da jam'i, suna da siffa ta musamman ga abu biyu cif. Suna ce mata dvojina. Ɗan Islamiyya zai ce ai musanna ke nan, kitabani, kuma ya yi daidai. Ena knjiga, littafi ɗaya. Dve knjigi, biyu. Tri knjige, uku. Pet knjig, biyar. A cikin manyan yarukan ƙasashen Turai na yau, da wuya ka sami wani da ya riƙe wannan tsari da rai haka. Har wakilin suna ya shafa: midva, mu biyu, mi, mu uku ko fiye. Don haka in kana ba matarka labarin tafiyar da ku biyu za ku yi ka ce mi, kada ka yi mamaki in ta tambaye ka wace ce ta ukun. A kan gishiri ba kasafai za ka buƙaci wannan ba, sai in kana ɗakin gwaji kana maganar nau'o'in gishiri na sinadarai, inda za ka ji dve soli, ko mineralne soli a jikin gorar ruwa.

Kalmar kanta tsohuwa ce, dangin sal na Latin, sel na Faransanci da sol na Rashanci. Kuma ta yi 'ya'ya da yawa: soliti, zuba gishiri, solnica, ɗan mazubin gishiri na kan tebur, soline, filayen da ake noman gishiri, solinar, mai aikin.

Soline ɗin nan sun cancanci a tsaya a kansu. Gaɓar tekun Sloveniya gaba ɗaya ba ta kai kilomita 50 ba, amma a wannan ɗan tsiririn akwai garin Piran, kusa da shi kuma filayen gishiri na Sečovlje, daf da iyakar Kuroshiya. Har yau da hannu ake tattara gishirin a lokacin zafi. Ana shigar da ruwan teku cikin kwamaye marasa zurfi, rana da iska su shanye shi. A ƙasan kwamin suna rainon wani siririn ɓawo mai rai da suke kira petola, haɗin ƙananan halittu da ma'adanai, shi ke hana laka cakuɗuwa da gishirin, ya fito fari tas. Wanda ya taɓa jin labarin kwamayen Bilma da ayarin raƙuma zai gane hoton nan take. Piran ta yi shekara ɗari biyar da 'yan kai ƙarƙashin daular Venis, daga 1283 zuwa 1797, kuma gishiri ne arzikinta. Mutanen wurin kan ce garin a kan gishiri ya girma, na soli. Kun ji wutsiyar ko? Ga soli ya sake fitowa.

Har gwarzon tatsuniyarsu ɗan fasa-ƙwaurin gishiri ne. Martin Krpan, labarin da Fran Levstik ya wallafa a 1858, wani ƙaƙƙarfan ɗan ƙauye ne da ke safarar abin da ake kira gishirin Ingila a kan goɗiyarsa, alhali hukuma ta hana. Da ya ceci birnin Biyana daga wani ƙato, ladan da ya samu daga sarki shi ne takardar izinin ci gaba da safararsa. Kusan kowane yaron makaranta a ƙasar ya san shi.

Salon maganarsu kuma ya bambanta da namu, a yi hattara. Mu in aka ce wane ya ƙara wa labari gishiri, ya zuzuta ke nan. Su in suka ce wane yana da gishiri a ka, sol v glavi, yabo ne, mai hankali ne. Amma soliti pamet, zuba wa hankalin wani gishiri, shi ne damun mutum da wa'azi da shawarar da bai nema ba. Na san wasunku za su ce ai sana'ata ke nan duk mako. Na ji, na karɓa.

Abin da na fi so matasanmu masu shirin fita su ɗauka shi ne yadda ake haddar kalma. Yawancinmu jerin kalmomi muke yi a bayan littafi: gishiri, sol, ruwa, voda, shi ke nan. Wannan jerin ne ya kunyata 'yar'uwarmu a gaban tukunya. Ƙamus ɗin 'yan ƙasar ba haka yake kawo kalma ba. In ka shiga shafin Fran, wanda cibiyar nazarin harshensu ke gudanarwa kuma kyauta ne, za ka ga abu uku a jere: sol, soli, sannan harafin ž. Na farko kalmar, na biyu siffarta ta rodilnik, na uku jinsi: ž mace, m namiji, s tsaka-tsaki. Ka haddace su ukun tare, kuma cikin 'yar jimlar da za ka faɗa gobe da bakinka. Wannan dabara tana aiki ga mai zuwa Poland, Rasha ko Jamus, ba Sloveniya kaɗai ba.

Ga aikin gida. Kalmar taimako ita ce pomoč, kuma na ce muku 'yar rukunin sol ce. Ta yaya za ka ce "ba tare da taimako ba", ta yaya kuma za ka ce "da taimako"? Ku ajiye amsa a ƙasa, zan karanto waɗanda suka dace a farkon shiri na gaba kafin mu koma kan takardun neman gurbi. 'Yar'uwarmu ta Ljubljana, Allah Ya ƙara lafiya, Ya ba da sa'ar karatu. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.