Yadda Ciwon Hanta Nau'in C Ke Taɓa Ƙoda

Da an ce ciwon hanta, hankalin mutane kan tafi ga shawara, wato idanu su yi ɗorawa. Nau'in C kuwa sau da yawa ba ya nuna wannan alama. Mutum kan kwashe shekara 20 da ƙwayar cutar a jininsa yana harkokinsa, kuma a jikin wasu ƙoda ce ke fara gazawa tun hanta ba ta nuna komai ba. Sai a 1989 aka gano ƙwayar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 50 ke ɗauke da ita.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan 1 masu tace jini. Idan ƙwayar ta daɗe, garkuwar jiki takan yi ta ƙera sinadaran yaƙi da ita ba ƙaƙƙautawa. Sinadaran sai su manne da ƙwayar su dunƙule, jini ya kwashe su zuwa ƙoda, su maƙale kamar yadda tsaki ke toshe rariya. Matatan su kumbura, su fara zubar da furotin da jini. Daga nan fitsari ya riƙa kumfa, ƙafa ta kumbura har idan an danna da yatsa ramin ya tsaya, hawan jini ya biyo baya. Wasu daga cikin sinadaran nan sanyi ne ke sa su daskare, shi ya sa ake kai jinin da za a gwada ɗakin gwaji da ɗuminsa. Ƙwayar tana kuma ƙara haɗarin ciwon suga, wanda shi ma babban mai kashe ƙoda ne.

Akwai kuma inda ciwon ƙodar ne ke jawo na hantar. Mai zuwa wankin ƙoda jininsa yana fita ya shiga na'ura sau 2 ko 3 a mako, ga ƙarin jini. Ma'aikacin da bai canza safar hannu ba tsakanin majinyaci da majinyaci ya isa ya yaɗa ƙwayar. Don haka ƙa'ida ita ce a gwada kowa kafin ya fara wanki, a kuma maimaita duk wata 6. A gari ma hanyar jini ce: allurar da aka maimaita, askar wanzami, ƙaho. Ƙwayar ba ta da rigakafi irin na nau'in B.

Abin da ya sauya shi ne magani. A da allurar intaferon ake yi, mai wahalar gaske, masu ciwon ƙoda ma ba sa iya jure ta. Tun daga 2013 aka samu ƙwayoyin sha irin su sofosbuvir, waɗanda ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 a mako 8 zuwa 12, yanzu har da masu wankin ƙoda. Sai dai matatar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, saboda haka wanda aka samu da ƙwayar ya nemi a gwada masa fitsari da aikin ƙoda tun kafin ƙafa ta kumbura.