Tsatsa na cin motocin kasuwa: yadda ake tada tsohuwar a-kori-kura a ƙasar Arewa

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙasar Arewa, daga Dumega zuwa Tibiri, Gesheme, Fadama, Kore Mai Ruwa har Dogon Dutsi, ya san cewa ba sababbin motoci ne ke ɗauke da cinikinmu ba. Tsofaffin a-kori-kura ne, waɗanda wasu ke kira bashe, da ƴan gingimarin da suka girmi direbobinsu. Su ke kwaso buhunan gero da wake da gujiya, su ke ɗauko rake da rogo daga fadamun Dallol Mawri, su ne kuma ke kai mata da kwandunansu kasuwa tun da asuba. Ranar da ɗaya ta kwanta a daji, ba mai motar kaɗai ke asara ba. Mai tumatir ta yi asara, mai ƙuli-ƙuli ta rasa kasuwar mako guda, mai bisashe ya iske an watse.

Idan ana maganar lafiyar mota, akasarinmu inji muke saurare. Alhali kuwa akwai ciwon da ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, sai ranar da ya karya mota da kaya a kanta. Wannan ciwo shi ne tsatsa.

Yadda tsofaffin suka zama jarinmu

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960, sannan 504 a 1968. A 1975 aka soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka kuma ci gaba da yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000. Wannan ne ya sa kayan gyaranta suka wadata a iyakarmu da Najeriya, makanikai kuma suka san cikinta kamar tafin hannunsu. Daga baya Toyota Hilux, wadda ita ma a 1968 aka fara ƙera ta, ta shigo ta karɓi hanyoyin yashi.

Sauya mota kuwa bai taɓa zama abu mai sauƙi ga ɗan kasuwar ƙauye ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tsada. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyakar Benin, hanyar da motocin hannu ke bi daga tashar Kwatano su shigo ta Gaya. Kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin hanya ya ƙaru. Ke nan wadda ke hannu ita ce jari, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Inda tsatsa ke shigowa

Ƙarfe yana tsatsa ne idan ruwa da iska suka zauna a jikinsa, gishiri kuma yana gaggauta abin. Mu a nan mun ci sa'ar rani mai tsawo, shi ya sa mota ke daɗewa a wurinmu fiye da a bakin teku. To amma da yawan motocin nan da ciwonsu suka zo, domin a Turai ana watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, sannan su zo su yi zaman jira a iskar teku.

Sauran kuma mu ne muke ƙarasa shi. Laka ta damina tana shiga cikin shasi, wato ƙashin da dukan mota ke zaune a kansa, ta bushe daga waje, daga ciki tana riƙe da danshi. Takin zamani da gishirin da suka zube daga buhu, da fitsari da kashin awaki da tumakin da ake lodawa, duk suna cin ƙarfen bodi. Ruwan batir yana huda mazauninsa. Tabarmar roba da ke ƙarƙashin ƙafar direba tana ɓoye ruwa har kwanon ya zama rariya.

Gyara daga ƙashi yake farawa

Mai walda da ya san aikinsa ba ya fara da fenti. Yana sauke bodin baya ne, a wanke shasi, a kankare lakar da ta daskare, sannan a bi shi da guduma daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi sauti dushe-dushe, wani wurin ma tsinin ƙarfe ya shige. Wuraren da aka fi dubawa su ne inda sifirin ke rataye, da inda bodi ke zama, da ƙarafan da suka gitta tsakanin dogayen sanduna biyu na shasi.

Daga nan sai awo. Ana ja igiya daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. Idan tsawon bai zo ɗaya ba, shasi ya karkace, kuma irin wannan mota ce za ka gani tana tafiya a kaikaice tana cinye taya gefe guda.

Wurin da ya ruɓe yanke shi ake yi har a kai ga ƙarfe mai kyau, a kawo wani mai kauri daidai da na asali a haɗa, a ƙarfafa gaɓar da faranti mai tsini a gefe biyu, don kada nauyi ya taru a layi guda ya tsage. Liƙa sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓe rufe ciwo ne da tsumma, tsatsar tana nan tana aikinta a ƙasa. Shasin wasu manyan motoci kuwa an gasa ƙarfensa ne tun daga masana'anta, zafin walda yana raunana shi, don haka da noti ake ɗaure masa faranti.

Abubuwa biyu ne bai kamata mai mota ya yi sakaci da su ba. Na farko, a sauke tankin mai a kuma cire batir kafin a kunna wuta, domin tankin da ya yi kamar babu komai a ciki yana cike da tururin fetur, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Na biyu, kada a yanke ko a shafe lambar da aka buga a jikin shasi. Ita ce a rubuce cikin takardar mota, idan ta ɓace kuwa, magana ta koma hannun jandarma da duwan.

Sai an gama da ƙashi ake komawa kan jiki. A yanke ruɓaɓɓen kwano a sa sabo, a goge har ƙarfe ya yi fari, a shafa fenti mai hana tsatsa tun a ranar, kafin raɓa ta sauka. Mastik na daidaita ƴan ƙananan lotsawa ne kawai. Wanda aka cusa a rami zai tsage a kan burji tun kafin damina ta zagayo. Kafin a mayar da bodi, a duba bututun man birki, domin shi ma ƙarfe ne, yana bin jikin shasi, kuma laka ɗaya suke sha. Ƙarfe da kayan gyara ana samunsu a Katako ta Yamai, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna.

Lissafin ɗan kasuwa

Ba kowace mota ce ta cancanci a tada ta ba. Idan ruɓar ta kama dogayen sanduna biyu a wurare da yawa, gara a nemi wani shasin da takardunsa, ko a sayar da motar a matsayin kayan gyara. Idan kuwa wuri ɗaya ne ko biyu, kuma inji na da sauran ƙarfi, gyara ya fi sayen wata wadda ba a san abin da ke ƙarƙashin fentinta ba. Mai sayen ta hannu ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa a jikin ƙofa, mastik ne ya yi kauri a wurin. Ya kuma durƙusa ya leƙa ƙasa, kada kyan ɗan maciji ya ruɗe shi.

A yi ciniki da mai walda a gaban shaidu, a raba biyan kuɗi daki-daki, kuma mai mota ya ga shasi da idonsa kafin a rufe shi da fenti. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, bayan hada-hadar kaka ta lafa, kafin ruwa ya sauka.

Bayan gyara kuma sai riƙo. A share bodi a wanke shi duk ranar da aka ɗauki taki, gishiri ko dabbobi, a shimfiɗa leda ko katako kafin lodi, a fitar da lakar shasi da ƙarshen damina, a buɗe ƴan hudojin da ruwa ke tsiyaya. Uwa-uba a rage lodin da ya wuce kima, domin ƙarfen da aka yi wa ɗori ba ya ɗaukar abin da ya ɗauka yana sabo.

Ku kuma iyayenmu mata da ke hawa saman buhuna, kuɗinku kuke biya, kuna da bakin magana. Motar da kuka ga bayanta ya zauna gefe guda, ko gidan direba da bodi suna neman haɗuwa daga sama idan an yi lodi, alama ce ta shasi ya soma lanƙwashewa. Ku faɗa wa direba, ku faɗa wa shugabannin tasha, idan ba a ji ba ku jira ta gaba. Kasuwa tana sake ci mako mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.