Gawayin Tace Ruwan Rini: Kasuwar Da Ke Kwance A Jujin Mile 12

A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Jihar Legas ta rufe kasuwar Mile 12 na 'yan kwanaki saboda tulin shara. Sai dai a cikin wannan shara akwai kayan da masana'antu ke biyan kuɗin ƙasashen waje don sayen abin da ake sarrafawa da irinsu, wato gawayin tace ruwa.

Masu buƙatarsa su ne masaƙu da marina da kamfanonin jima, daga Ikeja da Ikorodu har zuwa Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano. Rinin zamani ba kamar baba da toka na marinar Ƙofar Mata ba ne. An ƙera shi ne don kada rana ko sabulu su kashe shi, saboda haka wanda bai kama tufa ba idan ya bi magudana ya faɗa kogi, ba ya ruɓewa da wuri. Yana tare hasken rana, tsirrai su mutu, kifi ya rasa iska, manomin rani kuma ya shayar da lambunsa da shi.

Doka ba ta yi shiru ba. Bayan guban da aka jibge a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar FEPA, wadda ƙa'idojinta na 1991 suka wajabta wa kowace masana'anta tace dagwalonta kafin ta zubar. Tun 2007 hukumar NESREA ke riƙe da wannan aiki, a Legas kuma akwai LASEPA. Duk ranar da aka tsananta bin doka, ciniki ya buɗe.

Wannan gawayi fa ba na mai gasa masara ba ne. Da farko ana ƙona ƙoƙon kwakwa ko ɓawon ƙwarar manja ko totuwar masara ba tare da iska ba, sannan a sake gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000. Tururin ne ke huda masa ramuka waɗanda ido ba ya gani, har giram ɗaya na mai kyau yakan ƙunshi faɗin murabba'in mita 1,000. Giram 7 ke nan sun kai filin ƙwallo. A bangon waɗannan ramuka rini ke maƙalewa, ruwan ya wuce garau.

Masu bincike sun ƙara gaba, suna haɗa gawayin da wasu abubuwa. Alal misali, akan cuɗa shi da garin ƙarfe mai bin maganaɗisu, ta yadda in ya gama shan rini sai a janye shi daga ruwa da maganaɗisu maimakon a sha wahalar tacewa. Wasu kan haɗa shi da yumɓu don rage tsada. Galibin waɗannan haɗe-haɗe dai har yanzu a ɗakunan gwaji suke, kuma ɗan kasuwa zai yi kyau ya bambanta abin da ya yi aiki a kwalba da wanda zai yi a tankin masaƙa.

Akwai kuma lissafi. Ruɓaɓɓen tumatir da albasa, waɗanda su ne mafi yawa a Mile 12, ba su da amfani a nan. Busasshen abu mai tauri ake nema, kuma kimanin tan 10 na ƙoƙon kwakwa ne ke ba da tan ɗaya. Shi ya sa Indiya, Siri Lanka da Filifin, masu yalwar kwakwa, suka riƙe kasuwar, ko da yake Badagry mai gonakin kwakwa tana nan cikin Jihar Legas. Har ila yau gawayin yakan ƙoshi, sai an sake gasa shi ko an canza, kuma ba ya cire gishiri da soda daga ruwan marina.

Wanda jarinsa bai kai na tukunyar tururi ba, yana iya tsayawa a matakin farko: tara ƙoƙo da totuwa, busar da su, a ƙona su gawayi mai tsabta ba yashi, a sayar wa mai tukunyar.