Idan sanyi ya ƙona maka ayaba da gwanda, kada ka yi saurin ɗaukar adda

Duk shekarar da hunturu ya yi tsanani, masu lambu da yawa kan tashi da safe a watan Janairu su tarar ganyen ayaba ya yi laushi ya rataye, kan gwanda ya yi baƙi, zogale ya kakkaɓe ganye ya zama sanda. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya sare duk abin da ya bushe, ko ya tumɓuke ya sake sabon dashe. To, a nan ne asara ta biyu take shigowa, kuma sau da yawa ta fi wadda sanyin ya yi, domin bishiyar da ka sha wahalar rainonta shekara biyu ko uku tana iya kasancewa da ranta.

Ka fara gane irin ɓarnar da ta same ka. Akwai sanyin da yake kai wa ga daskarewa, wato ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0 ko ƙasa da haka. Wannan ba kasafai ake ganinsa a ƙasar Hausa ba, amma manoman tsaunukan Ayar a jihar Agadas sun san shi sarai, musamman a kan dutsen Bagzam da tsayinsa ya kai kusan mita 2,000. Ruwan da ke cikin ganye ne yake zama ƙanƙara, ya tsotse ruwan ƙwayoyin ganyen ya lalata su. Shi ya sa da rana ta fito sai ka ga ganyen kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, kafin yamma ya yi baƙi.

Wanda ya fi damun mai lambu a Kano ko Katsina ko Maraɗi ko Jos bai kai nan ba. Ayaba da gwanda shuke-shuken ƙasar zafi ne, ba sai ruwa ya daskare suke jigata ba. Ayaba kan tsaya da girma idan dare ya riƙa sauka ƙasa da digiri 14, kuma idan ya yi ƙasa da 12 na tsawon sa'o'i, 'ya'yan da ke jikin nono sukan samu tabo a ƙarƙashin ɓawo, su nuna da launi mara haske wanda ɗan kasuwa zai rage maka kuɗi a kansa. Gwanda kuwa takan zubar da fure, wadda ta nuna a cikin sanyin kuma ka ji ta lami. Sai ka haɗa da busasshiyar iskar arewa maso gabas da ke yayyaga ganye tana ƙona gefensa.

Ko wanne ne ya same ka, aikin farko shi ne haƙuri. Busasshen ganyen nan da kake gani ba shara ba ne tukuna, bargo ne da ke kare abin da ya rage idan wani daren sanyin ya sake zuwa. Kuma a makon farko babu mai iya faɗa maka inda mutuwar ta tsaya. Ka bari sai ɗumi ya shigo, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, toho ya fito ya nuna maka da kansa. Idan ka ƙosa, kankare ɓawon reshe kaɗan da farce: ka ga kore da danshi, yana da rai, ka ga ruwan ƙasa a bushe, sai ka gangaro ƙasa ka sake gwadawa.

Ayaba ita ta fi saurin yafiya. Abin da muke kira jikinta ai ganye ne a nannaɗe, ainihin ranta yana cikin dunƙulen gindin da ke ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ba ya kai wa da sauƙi. Idan jikin da tauri kuma sabon ganye na leƙowa ta tsakiya, bar ta. Idan ya yi laushi yana wari, yi ta yankowa daga sama kaɗan-kaɗan har ka kai inda tsakiyar take fari sol. Idan ruɓar ta kai ƙasa, sare ta gaba ɗaya ka zaɓi ɗa guda mai ƙarfi, mai siririn ganye kamar takobi, ya gaje ta. Masu faffaɗan ganye tun suna ƙanana ba sa yin nonon kirki, cire su. Sai dai ka sa a lissafinka cewa girbi ya ja baya da watanni, kada ka karɓi kuɗin dillali a kan ayabar da ba za ta zo kan lokaci ba.

Gwanda ta fi wuya. Cikinta rami ne, don haka idan kan ya mutu ruɓa na bin ramin ta gangara. Yanke ta a ƙasa da inda ya lalace, ka kifa gwangwani a kan wurin don kada ruwa ya taru a ciki. Za ta fito da rassa ta gefe. Bar biyu ko uku, ka cire sauran. Amma a ganina, gwandar da ta haura shekara uku ba ta cancanci wannan wahalar ba, gara ka yi sabon reno, tunda cikin shekara guda za ka fara tsinka. Zogale kam ba abin tashin hankali ba ne: datse shi daidai ƙugu idan ɗumi ya shigo, zai dawo da rassa fiye da da.

Lemo da mangwaro masu aure su ne ke buƙatar ido sosai. A lemo, idan ganye ya zube da kansa, alama ce mai kyau, reshen na nan da rai. Wanda ganyensa ya bushe ya maƙale bai faɗo ba, shi ne abin tsoro. Lemon tsami ya fi sauran rashin jure sanyi. Lemo kan yi toho sannan reshen ya sake mutuwa, saboda haka jinkirta askinsa wata biyu ko uku bayan tohon. Sannan ka duba inda tohon ya fito. Wanda ya fito ƙasa da gaɓar aure na uwar gindi ne, ba irin da ka saya ba; idan ka bar shi, zai rinjayi na sama, ka yi shekaru kana ban ruwa ga bishiyar da za ta ba ka 'ya'ya marasa daraja. Idan saman ya mutu ƙurmus, sai dai a sake yi mata aure a kan tohon da ya fi ƙarfi. Bishiyar da ta rasa ganye kuma, shafa mata farar ƙasa a jiki kafin zafin bazara, don rana na ƙona ɓawon da ya saba da inuwa.

Wajen ruwa da taki ne tausayi ke kashe shuka. Bishiyar da ba ta da ganye ba ta shan ruwa kamar da, ƙasa mai sanyi da laima kuma ita ce gidan ruɓar saiwa, musamman ga gwanda. Rage ban ruwa, ka dai hana ƙasar bushewa ƙarau. Yuriya kuma ajiye ta sai toho ya kama sosai, sannan ka ba da kaɗan-kaɗan. Ruɓaɓɓen takin dabbobi ya fi dacewa da wannan lokacin.

Don baɗi, ka lura da daren da ya fi haɗari: ba daren da iska ke kaɗawa da ƙura ba ne, daren da iska ta kwanta sama ta yi garau taurari suka fito ne, domin a lokacin ƙasa ke sakin ɗumin da ta tara. Iska mai sanyi tana da nauyi, tana gangarawa kamar ruwa ta taru a kwari, shi ya sa ƙasan fadama ke ƙonewa alhali tudu bai ji komai ba. Yi ban ruwa da rana kwana ɗaya ko biyu kafin irin wannan daren, tunda ƙasa mai danshi ta fi busasshiya riƙe ɗumi. Ƙananan dashe ka rufe su da buhu ko zana har ƙasa, ka buɗe da hantsi. Leda idan ta taɓa ganye ba ta kare shi. Tara ƙasa a gindin masu aure har ta rufe gaɓar, ka janye ta idan sanyi ya wuce. Darni ka kafa shi ta arewa maso gabas, amma bar kafa ta gefen gangara don sanyin ya samu hanyar fita.

Ku 'yan ƙungiya, ku haɗa kuɗi ku sayi ma'aunin zafi irin mai nuna mafi ƙarancin abin da aka samu cikin dare. Ku rataye ɗaya a kwari ɗaya a tudu, wani ya riƙa rubutawa kullum da asuba daga Disamba zuwa Fabrairu. Bayan hunturu biyu za ku san fegin da ya kamata a ba ayaba da gwanda, da wanda za a bar wa albasa da kabeji da karas.