Kansar jini: Gudummawa ta ƙare, magani da sauran shekara biyu

Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, kasala, ɗashewar ido da tafin hannu, ciwon ƙashi. Duk uwar da ta ga waɗannan a jikin ɗanta a karkarar Kano, maleriya ko taifot za ta fara kawowa a ranta, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ce shawara ce ko sikila. Da wuya wani ya ambaci kansar jini. Ba kuma laifin iyaye ba ne, domin a farkonta cutar kan ɓuya ne a bayan cututtukan da kowa ya sani.

Haka ta faru da wani gida a Turawa, cikin Ƙaramar Hukumar Karaye, kusa da madatsar ruwa ta Challawa. Maigidan manomi ne, yana taɓa su idan rani ya yi. Ɗansa mai shekara bakwai ya sha maganin kemis har sau uku, ya sha rubutu, an yi masa ƙarin jini a asibitin Karaye. Ya ɗan farfaɗo, bayan mako biyu ya sake ɗashewa, ga haɓo, dasashi na jini, kaluluwa ta fito masa a wuya. Daga nan aka tura su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar kusan kilomita 90. Gwajin ɓargo ne ya bayyana abin da ke damunsa, wata uku bayan zazzaɓin farko.

A cikin ɓargo jiki ke ƙera jini. Idan kansar jini ta kama yaro, sai ɓargon ya cika da fararen ƙwayoyin jini da ba su nuna ba, marasa amfani, su danne sauran. Jajayen ƙwayoyi su yi ƙaranci, yaro ya ɗashe. Masu tsayar da zubar jini su ragu, haɓo ya ƙi tsayawa. Garkuwar jiki ta faɗi, zazzaɓi ya samu wurin zama. Nau'in da ya kama yaron, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ALL, shi ne kansar da ta fi yawa a tsakanin yara a duniya, kuma tana cikin waɗanda aka fi iya warkarwa. Sharaɗin dai shi ne a sha magani har ƙarshe, shekara biyu zuwa uku.

Makonnin da kowa ya kawo nasa

Zangon farko na maganin, mako huɗu zuwa shida, shi ne mafi tsanani. Allurai ta jijiya, wasu ta baya zuwa cikin ruwan laka, ƙarin jini a kai a kai, gashi ya zube, fuska ta kumbura saboda ɗaya daga cikin magungunan. Uwar ta tare a gefen gado da goyo a bayanta, sauran yara uku aka bar su wajen kakarsu.

A wannan lokaci Turawa ta yi abin da aka san ƙauye da shi. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, aka zagaya da faranti. Matan unguwa suka sadaukar da kwasar adashinsu. Samari biyar suka cika mota suka je Kano ba da jini, domin a asibitocinmu, mai neman jini galibi shi ke kawo wanda zai maye gurbinsa. Wani ɗan garin da ke aiki a Abuja ya sa hoton yaron a Facebook da lambar asusu, kuɗi suka shigo daga mutanen da ba su taɓa jin sunan Turawa ba. Mahaifin ya sayar da sa ɗaya daga cikin shanun hudarsa biyu.

Maganin ya karɓe shi. Gwajin ɓargo na biyu bai nuna miyagun ƙwayoyin ba, aka sallame su. Yaro ya dawo gida da ƙafarsa, har ya fita wasa.

Nan wahalar ta sauya kama. A idon jama'a, wanda ya tashi yana gudu ya warke, kuma ba a zagayawa da faranti don mai lafiya. Hoton yaro a kwance da robar ƙarin jini yana motsa zuciya. Hotonsa yana buga ƙwallo ba ya kawo ko sisi. Amma ƙwayoyin cutar da suka rage, waɗanda gwaji ba ya gani, su ake bi da sauran maganin: ƙarin zagaye na allurai, sannan ƙwaya ɗaya kullum, wata kuma mako-mako, da zuwa Kano gwajin jini. Kowace tafiya kuɗin mota ne na mutum biyu, ga abinci, ga yinin gona da aka rasa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin mota da na magungunan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi.

'Yan'uwan mahaifin sun zaunar da shi, kuma maganarsu ba ta mugunta ba ce. Yaro ya samu sauƙi, ga damina ta kawo kai, ga sa ɗaya ba ya huɗa, ga wasu bakuna a gida. A irin wannan zama ne iyalai da dama ke yanke shawarar dainawa. Likitocin kansar yara a ƙasashe masu tasowa suna lissafa barin magani a tsakiya cikin manyan dalilan mutuwar yaran, domin idan cutar ta dawo, ta fi wuyar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da kansa duk shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari na warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai kashi 30 ba. Shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2018 na son kai adadin kashi 60 nan da 2030.

Inda gudummawa ta zama magani

Ƙwayar da yaron ke sha mako-mako, methotrexate, tana da tarihin da ya haɗu da neman taimako ta rediyo. A 1948 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya wallafa cewa wani magani, ɗan'uwan wannan ƙwaya, ya kwantar da kansar jini na ɗan lokaci a jikin yara 10 cikin 16. A shekarar aka sa muryar wani yaro mai kansa a rediyo, aka sakaya sunansa da Jimmy, jama'a suka aiko da sama da dala 200,000. Kuɗin bincike aka yi da su. Asibitin St. Jude da aka buɗe a Memphis a 1962, shi ma da gudummawar jama'a yake tafiya. A lokacin da aka buɗe shi, yara huɗu cikin ɗari ke tsira daga ALL. Yanzu asibitin na cewa 94 ne.

A nan gida, kusan duk abin da aka tara a rediyo ko Facebook a kantin magani yake ƙarewa, kuma ba za a zargi kowa ba, wanda gidansa ke ci da wuta ba ya tunanin haƙa rijiya. Sai dai akwai tambayoyin da Boston ba za ta amsa wa Karaye ba: wane ma'aunin magani ne yaron da ke fama da ƙarancin abinci da maleriya zai iya ɗauka, kuma yaya ma'aikacin asibitin ƙauye zai gane cutar tun a ƙarin jini na farko? Gwamnatin Tarayya na da cibiyar binciken kansa, NICRAT, wadda aka yi dokarta a 2017 ta fara aiki a 2023. Asusun tallafin masu kansa da aka fara a 2021 kuwa, da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya soma, duk cututtukan manya.

Mahaifin bai daina ba. Ya jinginar da fadamarsa, sannan wani malamin firamare a garin ya kawo shawarar da ta fi faranti ɗorewa: maimakon tarin rana ɗaya, magidanta goma sha biyu su ɗauki wata ɗai-ɗai, kowa ya biya kuɗin mota da gwaji a watansa. Biyu sun janye da farashin taki ya tashi, 'yan ƙungiyar masunta suka cike gurbin ɗaya. Watan ɗayan har yanzu babu mai shi, kuma ya faɗo a tsakiyar damina.